Gwangwanin Sauran Magani

Kwana goma sha ɗaya ke nan 'yata Auta na kwance a asibiti, a gado na huɗu, ƙafarta ta kumbura har tana ƙyalli. Ƙusa ce ta soke ta a lambuna, inda nake renon dashe. An canza mata allura kala uku, zazzaɓin ko gezau. Ranar Litinin likita ta kira ni da uwarta ofis, ta ce ƙwayoyin cutar sun fi ƙarfin duk maganin da suke da shi. In kumburin bai tsaya ba zuwa Juma'a, za a yanke ƙafar daga gwiwa.

Sai ta ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa. Wai wata ƙwayar cuta ce a cikin ƙasa take yin dafin da ke kashe 'yan uwanta, amma ba ta yarda ta rayu a ɗakin bincike. Masana suka ciro guntun gadon halittarta mai yin dafin, suka dasa a jikin wata ƙwayar mai saurin yaɗuwa, ita take yi musu maganin.

Uwar Auta ta ce ita ba za a ɗura wa 'yarta abin da ƙwayar cuta ta haifa ba. Ni kuwa na gane, don sana'ata ce. Na ce mata kamar yadda nake yanko reshen lemo mai zaƙi in ɗaura a gindin mai tsami ne. Ta harare ni ta ce ashe farfesa take aure ba ta sani ba. Amma ta sauko.

Likita ta ɗauko takardar sa hannu, ta ce saura tambaya ɗaya. Akwai magungunan da in suka haɗu da sabon, ƙoda suke lalatawa. Ko Auta na shan wani abu ban da na asibiti?

"Ko ɗaya," in ji uwarta, da zuciya ɗaya.

Biro na hannuna, ya ƙi tafiya. Ni dai ɗabi'ata ce, da yaro ya ji sauƙi sai in tsayar da magani, in zuba sauran a gwangwani don wata rana. Da na ga allurarsu ba ta ci, kullum da safe in uwar ta tafi wanka, sai in fasa kafso ɗaya a shayin Auta.

Na zaro gwangwanin daga aljihu na ajiye a tebur.

"Har yaushe, Baba?" likita ta tambaya, ba ta ɗaga murya ba.

"Har yau da safe."

Ta zazzage shi, ta ware kafso masu ja da rawaya gefe. Ta ce sai an jira kwana biyu, an auna ƙoda. Cikin kwana huɗun da suka rage mana, na cinye biyu.

Uwar Auta ta tashi ta koma wajen 'yarta. Da ta zage ni ma da ya fi.

Ranar Laraba aka ɗaura mata ruwan sabon maganin, nas ta zagaye bakin kumburin da biro. Ranar Juma'a da hantsi muka duƙa mu biyu muna dubawa. Jan bai tsallake layin ba. Ta wajen idon sawu ma ya ja baya, kamar faɗin farce.

Uwarta ta miƙo mini kofin shayin, sannan ta fasa. Ta ba Auta da kanta.