Mabuɗin Hester Thurlcote

Dangin Thurlcote sun shigo Ingila bisa doki tare da mayaƙan Normandi shekara ɗari tara da suka wuce, suka ba ƙauyen Thurlcote sunansu, kuma tun daga ranar ba su taɓa durƙusa wa kowa ba. Aubrey Thurlcote ne ya faɗi haka, tsohon manajan kantin takalma, yana tsaye a ɗakin taron coci gaban dangi sittin da uku da ya gayyato, har da mota guda cike da 'yan Amurka.

Ƙanwarsa Hester tana can baya wajen butar shayi. Shekara ashirin da shida ke nan mabuɗin akwatin ƙarfen cocin yana rataye a wuyanta, akwatin da ake ajiye littattafan baftisma da na aure da na binnewa. Ko yatsa mai maiƙo ba ta taɓa bari ya taɓa su ba. Da wannan aka san ta a ƙauyen. Miji babu, 'ya'ya babu, amma akwai mabuɗi.

Ta kuma san abin da ke shafi na arba'in na littafin baftisma. A cikin hunturun 1791 an tsinci jariri a bakin ƙofar cocin, a naɗe cikin buhu. Al'adar wurin ita ce, yaron da aka tsinta ba uwa ba uba sai a laƙaba masa sunan ƙauyen, don a san su wa ya wajaba su ciyar da shi. Aka sa masa Giles Thurlcote. Daga gare shi duk sittin da ukun nan suka fito. Ƙauyen ne ya ba su suna, shi ma don dole.

Sau biyu ta yi niyyar gaya wa Aubrey. Na farko, a makon matarsa ta tattara kayanta ta bar shi. Na biyu, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne labarin dokin nan na kakanni.

Sai wani dogo daga cikin 'yan Amurkan ya ɗaga hannu. Duane sunansa, malamin tarihi a sakandare.

"Kawu, jawabi ya yi armashi. Amma teku fa na haye. Ina so in ga takarda."

"Takarda!" Aubrey ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku mutanen Amurka, ko rana aka nuna muku sai kun ce ina shaida. Hester! Ajiye butar nan ki ɗauko mana littafin."

"Yaya, shayi zai huce."

"Shayinki ko da zafinsa ba don daɗi ake shan sa ba. Je ki."

Aka yi dariya. Ta tafi.

A ɗan ɗakin da ke bayan bagadi ta buɗe akwatin, ta ɗauko littafin. Shafi na arba'in yana nan raɗau, don limamin wancan zamanin Allah ya ba shi kyan rubutu da rashin sirri. Ta kama gefen shafin za ta yaga, hannun ya ƙi. Tana jiyo muryar Aubrey ta bango yana bayanin takubba. Ta cire rigar sanyinta, ta naɗe littafin, ta cusa shi can bayan tsofaffin littattafan waƙa da ba a ɗaga ba tun kafin yaƙin duniya. Ta komo hannu wofi.

"Babu shi," in ji ta.

Rabaran Pym, limamin cocin, ya ajiye kofinsa a hankali.

"Babu shi kamar yaya, Mis Thurlcote?"

"Bara na fitar da shi ya sha iska, na manta shi a ƙarƙashin taga. Ruwa ya yi masa duka har ya ruɓe. Na jefa a murhu. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Duane ya ƙura mata ido, ya dubi ƙofar da ta fito, ya dubi hannuwanta da ba rigar sanyi. Taku goma ne tsakaninsa da ɗan ɗakin bayan bagadin.

"Ko shafi ɗaya, Gwaggo?"

"Ko shafi."

Hester kuwa Aubrey take kallo. Ya yi jawur, tafinsa a kan ƙirji. Numfashi ɗaya, biyu. Sai hannun ya sauka.

"Shekara ɗari tara, Hester. Takardun nan sun tsallake yaƙi, sun tsallake annoba, ba su tsallake ki ba."

Littafin bai fi shekara ɗari biyu ba, amma ba ranar gyara ba ce.

Ya juya ga baƙi, muryarsa ta ma fi ɗazu ƙarfi. "Kun ji dai da kunnenku. Hujjar tana nan, sakaci ne ya cinye ta." Dangi suka girgiza kai suna tausaya masa. Duane ya zauna.

Tana kicin Rabaran Pym ya same ta. Ya ce dole ya rubuta wa bishop, shugabansa, ya ce ta san yadda abin yake, sannan ya miƙo tafinsa. Ta zare zaren daga wuyanta ta ɗora masa mabuɗin, da sauran ɗumin jikinta a kansa.

"Hester!" Aubrey ya kira daga ɗakin taro. "Madara ta ƙare!"

Ta goge hannunta, ta ɗauki kwalbar.