A Inuwa Ake Shanya Shi

Ranar da aka tsinci Mama, mahaifiyata, a ɗakin girkin maƙwabta tana zuba gishiri a tukunyar da ba tata ba, ranar aka sa mata suna mayya. Shekara talatin tana sayar da saiwa da sassaƙe a kasuwar Sabon Gari, babu yaron da aka haifa a layinmu na Jushi da bai sha jiƙonta ba. Amma da ta fara mantuwa, sai iyayen yaran nan suka ce asirin da ta tara ne ya juyo mata. Uzodinma, mai gidan da muke haya, ya ba ni mako biyu: ko in kai ta gidan addu'ar da ake ɗaure tsofaffi da sarƙa, ko mu kwashe kayanmu.

Ni aikina wankin kwalabe da ba ɓeraye abinci a wani ɗakin bincike a Samaru. Da na rasa wanda zan bar wa ita, na kama hannunta muka shiga bas tare.

*

Dakta Akinola, shugaban ɗakin, wata takwas ke nan yana fama. Ruwan wani ganye yake tacewa yana ba tsofaffin ɓeraye, ya ga ko za su tuna hanyar da aka koya musu. Busasshen da ya fara sayowa a kasuwa ya nuna alama, wanda ɗalibansa suka busar kuwa shiru.

Mama na zaune a benci ta hango ganyen baje a rana. Ta miƙe da faɗa.

"Wane marar hankali ne ya yi wannan? A inuwa ake shanya shi! Rana ta shanye ƙarfin, dusa kawai ta bar muku."

Kunya ta rufe ni, don da safen nan ko hanyar bayi ba ta gane ba. Dakta kuwa durƙusawa ya yi a gabanta da littafi.

"Mama, kwana nawa?"

"Biyar. Kuma kafin ya yi fure ake tsinka."

*

Da na gaya wa Dakta halin da muke ciki, bai jira sakamakon gwajin ba. Ran Lahadi da aka taso coci ya zo gidanmu, ya tara Uzodinma da matan gida. Da karyayyar Hausarsa ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda ido ke dushewa, kuma ciwon ne ya kashe mahaifinsa. Uzodinma ya sosa ƙeya.

"Oga dakta, ba mu sani ba ne."

Babu wanda ya ba mu haƙuri, kuma har yau ba sa cin abin da ta taɓa. Amma ba a ƙara maganar tashi ba. Allah ya sani, ban taɓa gode wa mutum kamar wannan bawan Allah ba.

Da na raka shi mota na tambaye shi ko maganin zai yi wa Mama.

"Clementina, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɓera daban, mutum daban. Ko zai yi, sai an shekara da shekaru."

Bayan wata uku ɓerayen da aka ba ruwan ganyen da aka shanya a inuwa suka fara tuna hanya. Dakta ya sa sunanta a takardar bincikensa, Bibiana Elias, ya ba ni kwafi. Na karanta mata ina yi mata kitso, bai dame ta ba. Can ta waiwayo ta ƙura mini ido.

"Yarinya, 'yar wa ce ke? Allah ya yi wa uwarki albarka, ta iya reno."

Na ce, "Amin, Mama," na juya kanta a hankali na ci gaba da kitson.