Mai Sunan Baba

Tun ranar da Is'haƙa ya dawo daga kasuwar Sabon Birni da littafin nan, matarsa Zulaiha ba ta sake samun sukuni ba. Labarin shekara ɗari nan gaba ne, a wata Sakkwato mai gidaje hawa sittin da motoci masu tashi sama. An wayi gari an kashe wata likita a cikin ɗakin da ƙofarsa ba ta buɗuwa sai ta ji muryar mai ɗakin. A matan gidan Zulaiha ce kaɗai ta yi boko, saboda haka kullum bayan La'asar sai su baje tabarma, suna ɓarar gyaɗa tana karanta musu.

Matsala ɗaya ce. Yayan likitar, wanda ya fi kowa kuka ranar jana'iza, sunansa Maliki, kuma sunan surukin Zulaiha ke nan, uban Is'haƙa. Shekara bakwai tana gidan nan na ƙauyen Burkusuma, ko da wasa ba ta taɓa kama sunan ba. Duk inda ya fito a shafi sai ta ce "mai sunan Baba" ta wuce. Ba kuwa don tsoro ba. Tsohon nan shi ya tsaya kai da fata sai da ta ƙarasa makaranta a garin Isa bayan aurenta, kuma babu wanda take jin nauyinsa a duniya kamarsa.

Ranar da suka kai babin ƙarshe gardama ta kaure. Hajjo, uwar mijinta, ta rantse na'urar da ke share ɗakin ce ta yi kisan. Zulaiha ta ce kowa ma a zarga, amma ban da mai sunan Baba, bawan Allah mai son ƙanwarsa. Tana juya shafi sai ga mai binciken kisan ya bankaɗo komai: yayan nan shi ya naɗi muryar ƙanwarsa ya kunna wa ƙofa. Zulaiha ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye ba.

"Ashe Maliki na yak kashe ta! Maliki, Allah shi tsine maka, munahuki!"

Hajjo ta saki gyaɗar hannunta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da zaure, kuma Baba yana ciki da baƙi biyu daga Bafarawa. A ƙasar nan maganar kisa ba abin wasa ba ce. Suna ji tsoho ya yi gyaran murya, ya shiga yi wa baƙinsa bayani cewa littafi ne mata ke karantawa, ya maimaita har sau biyu, don baƙin ba su yi dariya ba.

Kunya ta rufe Zulaiha har ta ji da ma ƙasa ta tsage. Kwana biyu ko hura ba ita ke kai wa Baba ba. Is'haƙa ya ce ta daina wahalar da kanta, kowa ya san suɓutar baki ce, ta ce shi ya sani, ita kunnenta bai daina jin abin da ta faɗa ba.

Rana ta uku ta daure ta je ta durƙusa bakin ɗakin Baba, ta ce ya yafe mata. Ya ce babu laifi, ai wancan mutumin ya ci a tsine masa. Sannan ya ce a hankali:

"Na daɗe ina tunanin yadda sunana za shi hito bakinki. To, na ji."

Ya ce ta tashi. Ta kasa. Ya sake cewa ta tashi, hawaye kawai ke ɗiga a kan zanenta. Da ya ga haka sai shi ya ɗauki butarsa, ya raɓa ta gefenta ya fita.