Yawun Bhikaji

"Tofa mana, Baban Gauri," Sulochana ta ce wa mijinta, tana riƙe masa 'yar kwalba a gindin leɓe.

Bhikaji ya yi ta fama, ko ɗigo. Mutumin da ya shekara talatin yana rina bangayen birnin Nagpur ja da yawun kharra, tabar da yake tauna, yau likita ke roƙonsa ya tofa, baki ya bushe ƙamas. Tun jiya aka hana shi taba. Gyambo ne a cikin kumatunsa, wata uku ya ƙi warkewa, shi ya kawo su asibiti.

Dakta Meshram, sa'ar 'yarsu Gauri, ta ce akwai wani sinadari da ke manne wa saƙon da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. In ya yi yawa a yawu, wataƙila alamar ciwon daji ce.

"'Yata, bar ni in ɗan jefa kaɗan a baki," in ji Bhikaji. "Bokiti zan cika miki."

"Bokitin ne ya kawo mu nan," in ji Sulochana.

Ta kwance bakin zanenta na sari, ta ciro tsamiyar da ta saya don miyar rana, ta lasa a gaban hancinsa, ta yamutsa fuska. Nan take yawu ya kawo. Har likitar sai da ta haɗiye nata.

"To, 'yata, yaushe za mu ji?" in ji Sulochana. "Yana da ciwon ko babu?"

"Ai Inna, wannan bincike ne. Sai mun tara yawun mutum ɗari huɗu. Kamar shekara uku, sannan a buga a mujalla."

"Mujallar ce za ta duba masa kumatu?"

"A'a, wannan sai an ɗan yanki tsoka. Ɗaki na sha biyu, a sama."

Sulochana ta tasa shi gaba. A kowace kusurwar matakala an manna hoton Ganesha, abin bautarsu, don kada a tofa yawu a wurin. Ta tsaya, ta cire hular mijin, ta zaro ƙullin tabar da ya ɓoye a ciki, ta ajiye a ƙasan hoton, ta haɗa tafukanta.

"Na ba shi. In kana da ƙarfin hali, ƙwace."

Bhikaji ya haɗa nasa tafukan, ya daɗe yana kallon ƙullin. Bakinsa ya cika taf. Ya waiga dama, Ganesha. Ya waiga hagu, Ganesha.

Ya haɗiye, ya bi ta sama.