Shi, Ni, Gaskiya

Ranar da likita ya ce Direba yana da ciwon suga, ba Direban ne ya razana ba, matarsa ce. Shi dai gyara zama ya yi, ya tambaya ko za a bar shi ya riƙa shan shayi. Ita kuwa, wadda duk layinsu ke kira Anti Tela, sai da ta dafa teburin likitan da hannu biyu, don ji ta yi ɗakin yana juyawa da ita.

Kamfanin da yake ja wa doguwar bas shekara ashirin da biyu su suka tura direbobinsu gwajin lafiya, kuma su suka kafa sharaɗi. Wata uku suka ba shi. Ya kawo takardar likita mai nuna sugan ya sauka, in ba haka ba ya ajiye makulli. Anti Tela ta san mijinta sarai. Hutun mako guda aka taɓa ba shi, kafin kwana huɗu ya kwance famfon kicin da lafiyarsa ƙalau, ya kasa mayarwa, ya koma bakin ƙofa yana ƙirga motocin da ke wucewa. Mutum irin wannan in aka raba shi da sitiyari, ba ta san abin da zai rage ba.

"Ka bar min," ta ce masa a hanyar gida. "Ni da wannan sugan, sai dai ɗayanmu ya bar gidan."

Kafin yamma ta yi wa kicin juyin mulki. Farin burodi ya tafi, kifi da ƙwai da wake suka zo. Shinkafa ta koma cikin kofin shayi, ba ta wuce bakinsa. Kabeji kuwa, har Direba ya fara cewa yana jin kunnuwansa suna tsawo kamar na zomo. Ya sa mata suna Sajan, yana sara mata in ta ajiye masa faranti. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta aiko da na'urar awon suga, da kwalabe uku na ƙwayoyin ƙarin sinadari, da ƙwayar kirfa. Wata mai kawo ɗinki ta ƙara da garin hulba. Duk Anti Tela ta jera su a kan firiji kusa da maganin likita, tsayi bisa tsayi, yadda take jera zare.

Saura kayan da aka kora: kwalin biskit, kwalbar zuma babba, rabin kiret na lemon kwalba. Anti Tela ba ta zubar da abinci, ba a taɓa ganin ta yi ba. Ta kwashe su ta kai shago, ta tura ƙarƙashin teburin yanka, ta ce a hankali za ta rage su. Ai ita lafiyarta lau.

Mako biyu cur ana wannan horon. Ranar ta goma sha biyar da safe ta soki yatsansa, ta ɗiga jinin, suka haɗa kai suna kallon ɗan gilashin. Na'urar ta ce goma sha huɗu.

"Sha huɗu?" Muryarta ta fita har tsakar gida. "Bayan duk kabejin nan?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan," in ji Direba.

Ta zura masa ido. "Baban yara, dube ni. Me kake ci a tasha?"

Ya rantse bai ci komai ba sai abin da ta ƙulla masa. Ta san rantsuwarsa ta gaskiya, ta san ta ƙarya, wannan ta gaskiya ce. To in ba shi ba ne, kuma ba girkinta ba ne, saura mutum ɗaya a ɗakin. Ta juya ta harari na'urar.

Duk wanda ya taɓa zama a shagonta ya san ɗabi'arta. Ba ta yarda da sabon tef ɗin awo sai ta gwada shi a jikinta. Daga kafaɗarta zuwa wuyan hannu inci ashirin da uku ne tun tana budurwa, bai ƙaru ba bai ragu ba. In tef ya ce ashirin da huɗu, to maƙaryaci ne. Amma ba ta jefar da shi. Sai ta rubuta a bakinsa da biro, "cire ɗaya," ta ci gaba da aikinta. Shekara talatin tana haka, ba a taɓa dawo mata da riga don ta matse ba.

Ta canza allura, ta soki nata yatsan. Na'urar ta ɗan yi tunani, ta ce goma sha uku.

Dariya ta kama ta har da riƙe ciki. "Ka gani ko? Ni da ko ciwon kai ba na yi, wai sha uku! Takardar cikin kwalin me ta ce? Mai lafiya biyar ne. Ƙarin takwas take yi. Cire takwas daga sha huɗu."

"Shida," in ji Direba a hankali, fuskarsa ta fara washewa.

"Shida! Ashe tuni mun ci yaƙin, wannan 'yar banzar ce ke tayar mana da hankali."

Ta ɗauko sabon littafin awo, irin wanda take rubuta ƙugu da kafaɗa, ta ja layi biyu da rula, gida uku. A saman na farko ta rubuta Shi. Na biyu, Ni. Na uku, Gaskiya.

Daga nan komai ya tafi daidai, a littafi. Kowace Asabar tana sokar nata yatsan don ta ga ko ƙaryar na'urar ta ƙaru, kuma kullum ƙaruwa take yi. Shi sha uku, Ni sha huɗu, a cire tara, Gaskiya huɗu. Ranar da Gaskiya ta sauka zuwa uku, Anti Tela ta tsorata, ta ce maganin ya yi masa yawa. Ta mayar da ƙwayar likita ɗaya a rana maimakon biyu. Bayan sati uku ta ɗauke ta gaba ɗaya daga kan firiji, ta ce kirfa da hulba sun isa, ga shaida a rubuce. Har burodi ta dawo masa da shi ranar Lahadi, yanka biyu. Direba ya ci yana lumshe ido, ya ce Allah ya ƙara wa Sajan girma.

Ita kuma a shago wani irin ƙishi ya addabe ta. Ta ce zafin dutsen guga ne, ta riƙa buɗe lemon nan ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare ta sa aka kawo wasu. Tana tashi daga kan keken ɗinki zuwa banɗaki sau shida kafin azahar, ta ce ai ruwan da take sha ne. Zare ya fara ƙin shiga allura, sai ta canza ƙwan fitila har sau biyu, ta yi wa mai sayar da su tas. Siket-siket ɗinta suka yi mata yawa, ta rage musu ƙugu da kanta tana murna, masu kawo ɗinki suna tambayarta sirrin. "Abincin Baban yara nake taya shi ci," take cewa, bakinta cike da biskit.

Ranar cikar wata uku suka shirya tun da wuri. Ta goge masa farar rigar aiki, don daga asibiti ofishin kamfani zai wuce da takardarsa. Ta sha shayinta da zuma cokali biyu, ta sa littafin a jaka. An ɗebi jininsa kwana biyu kafin nan, sakamako kawai za su karɓa.

Likitar da suka samu mace ce, matashiya, mai magana a hankali. Ta duba takardar da ke gabanta, ta dubi Direba, ta sake duba takardar.

"Baba, kana shan maganinka kuwa?"

"Ya warke ai," in ji Anti Tela. "Mun ajiye shi tun wata guda da rabi."

"Kun ajiye?" Likitar ta aje biro. "Mama, gwajin nan yana nuna yadda sugansa ya kasance cikin wata ukun nan gaba ɗaya. Bai sauka ba. Kusan inda yake ranar farko yake."

Anti Tela ba ta ko girgiza ba. Ta yi murmushin wadda ta saba da kuskuren ma'aikata, ta zaro littafin ta shimfiɗa a teburin. "'Yata, duba nan. Kullum sai na rubuta. Ko kwana ɗaya ban tsallake ba."

Likitar ta bi gida na farko da yatsa. Ta tsallaka na uku, ta ɗaure fuska, ba ta gane ba. Sannan ta dawo na tsakiya, yatsan ya tsaya.

"Wane ne Ni?"

"Ni ce mana."

"Jininki ne wannan? Sha huɗu, sha shida, sha bakwai?"

"Na'urar ce ke ƙari. Shi ya sa nake gwada ta a jikina, in cire."

Likitar ta dubi Direba kamar tana neman ya ce wasa ne. Direba ya gyaɗa mata kai da alfahari, irin na mutumin da ya auri mai ilimi.

"Kun zo da na'urar?"

Anti Tela ta miƙa mata. Likitar ta goge yatsanta da auduga, ta sa sabuwar allura, ta soki kanta a gabansu. Ta juyo musu da gilashin.

Biyar da ɗigo biyu.

Anti Tela ta matso da fuskarta. Ta ja baya, ta sake matsowa. "A'a," ta ce. "A'a, sake dai."

"Kawo hannunki, Mama."

Ba ta san lokacin da ta miƙa ba. Wannan karon da na'urar asibiti aka yi, babba, mai igiya a jiki. Shekara talatin allura tana sukar yatsun nan, ba ta taɓa jin zafin suka irin na yau ba. Na'urar ta yi ƙara.

"Ashirin da uku," in ji likitar, ta miƙe tsaye. "Kina yawan jin ƙishi? Fitsari fa? Idonki yana hazo? Kin rame?"

Kowace tambaya Anti Tela tana da amsarta a shirye, dutsen guga, ƙwan fitila, kabeji, amma ko ɗaya ta ƙi fitowa. Kai kawai take gyaɗawa. Likitar ta leƙa waje ta kira nas, ta ce a gwada fitsari yanzu, a nemi gado, a sa ruwa. Ta ce yau Mama ba za ta kwana a gida ba.

"Ni?" in ji Anti Tela. "Ai ba ni ce marar lafiyar ba. Rako shi na yi."

Sai a lokacin lissafin ya juyo mata ta ɗaya gefen, ya dake ta a ƙirji. In na'urar ba ta ƙari, to gidan Gaskiya duk ƙarya ne. Sha uku ɗinsa sha uku ne. Kuma ita, da hannunta, ta ɗauke maganinsa daga kan firiji, ta yanka masa burodi. Ta dubi farar rigar da ta goge masa da safe, sai hawaye suka zubo.

"Na kashe maka aiki, Baban yara. Ni na kashe maka."

Likitar ta ce tukuna. Tunda an gano inda matsalar take, za ta rubuta wa kamfanin wasiƙa ta roƙa masa ƙarin sati shida a kan magani. Ba ta yi alkawarin za su yarda ba, amma ya kai musu yau da kansa, tunda yau wa'adin ke cika. Ta rubuta a tsaye, ta buga hatimi, ta miƙa masa.

Aka kwantar da Anti Tela a gado na uku daga ƙofa, aka ɗaura mata ruwa. Direba ya biyo su da jakarta a hannu ɗaya, takalmanta a ɗaya, ya rasa inda zai ajiye. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Tafi mana," ta ce. "Ƙarfe biyu suke tashi. Ka hau tasi, kada ka tsaya jiran bas."

Bai motsa ba.

"Baban yara, da kai nake. Ka yi fushinka daga baya, na cancanta. Yanzu dai kai musu takardar."

"Sha bakwai," ya ce. "Ina tsaye a kanki. Da idona na ga sha bakwai a yatsanki, na yi dariya, na ɗauki jakata na tafi aiki. Mutum sittin nake ɗauka, in taya ɗaya ta yi laushi tun daga kujerata nake ji. Ke kina ramewa a gabana wata uku, na ce kin yi kyau."

Ya ajiye takalman a ƙarƙashin gado, ya daidaita su. Ya zaro waya daga aljihun farar rigar, ya latsa, ya kai kunne. Ta ji muryar manajansu daga can ciki, yana tambaya ko ya taho.

"Ranka ya daɗe, ba zan zo ba. Matata ce aka kwantar." Ya saurara. "Na sani yau ne. Akwai wasiƙa, amma ba ni da mai kawowa." Ya sake saurarawa, ya daɗe. "To, a ba wani motar."

"Baban yara!" Ta yunƙura za ta tashi, robar ruwan ta ja hannunta.

Ya kashe wayar, ya jawo kujerar roba kusa da gadon ya zauna. Ya kamo hannun nata ya mayar da shi kan katifa a hankali, ya bar nasa a kai don kada ta sake motsa shi.