Ranar da Don Baldovino Ya Dafa Teku

"Wata uku?" in ji Don Baldovino. "Samari, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai wata uku?"

Dillalin da ya zo daga birnin Castro ya dube shi, ya dubi matarsa Doña Ercilia, sannan ya dube ni, sai ka ce ni zan cece shi. Ni kuwa rariyar da na ara na dawo da ita, na tarar da baƙo mai takalmi sai sheƙi zaune a ɗakin girki, na ja kujera. Tun muna amare shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma ba a taɓa yin abin kallo a gidan nan babu ni ba.

Tinaha ya zo tallatawa, wato katon bahon nan da ake ɗumama ruwansa mutum ya shiga ya jiƙa jiki. Tasa ta roba ce fara, da fitilu masu canza launi, da ƙofofin da ke feso ruwa suna yi wa mutum tausa a gadon baya.

"Sai an kawo ta daga Santiago, Don. Amma fa tana ɗaukar mutum shida."

"Ni da wa? Duk tsibirin nan babu mutum shida da nake son ganin cibiyarsu. Da me take ɗumama?"

"Da lantarki."

"Lantarki cikin ruwa, ni a tsakiya. Ercilia, kin ji? Likita ya ce da saura kaɗan, wannan ya zo ya rage masa aiki."

"Sha shayinka, ɗana," Ercilia ta ce wa dillalin, ta tura masa gurasar dankali. "Kai ne na huɗu. Na gabanka ko zama bai samu ya yi ba."

Gaskiya ta faɗa. Na farko ta waya kawai ake jin sa, da aka tambaye shi inda shagonsa yake sai layi ya lalace. Na biyu ya auna ƙofar shinge ya ce sai an rushe ta. Na uku laifinsa ɗaya, ya kira Don Baldovino kaka.

Don Baldovino Chiguay mai nutso ne. Tun yana saurayi yake shiga ƙarƙashin teku da tiyo a baki yana ciro ƙumba da ƙaguwa, cikin ruwan da in ka tsoma yatsa sai ka ji shi har haƙori. Ruwan ya cinye masa gwiwoyi, daga baya ya koma kan huhu. Ranar da likita ya gaya masa gaskiya, a hanyar dawowa motar haya ta wuce wani masaukin baƙi, ya hango wasu Turawa zaune cikin tinaha, tururi na tashi a kansu.

"Uberlinda," ya ce da ni ta kan shinge da yammar nan, "na ga mutane cikin ruwa suna dariya. Cikin ruwa fa! Ni na ƙare rayuwata a ciki, ban taɓa ganin abin dariya ba. Kafin su sa ni a ƙasa sai na shiga ruwan da ba ya cizo."

Na yi masa dariya, na shiga ɗaki na yi kukana.

Da dillali na huɗu ya tattara hotunansa ya tafi, kowa ya san wanda ya rage. Nolberto Barría, ƙanin Ercilia, masassaƙin kwalekwale a bakin gaɓa, wanda 'yan shekarun nan yake haɗa wa masu masauki tinahar katako mai murhun itace. Matsalar ita ce surukan ba sa magana. Tun da daɗewa Nolberto ya sassaƙa wa Don Baldovino kwalekwale, ya nutse a wurin ɗauri ranar da aka sa masa albarka, a gaban fada, limamin cocinmu, da dukan gari.

Ercilia ce ta je ta kawo shi da kanta. Suka zauna a teburi ɗaya, ita a tsakiya.

Don Baldovino ya fara: "Gaya wa ƙaninki ina son wadda ke riƙe ruwa a ciki. Na san ya ƙware a wannan."

"Gaya wa mijinki ya miƙe in auna shi. In yana so in ajiye awon don akwatin gawa, kada a wahalar da ni sau biyu."

"Kai, Nolberto!"

"Bar shi," in ji Don Baldovino, yana tari yana dariya. "Tambaye shi yaushe."

Nolberto ya dubi wuyan surukinsa da ya koma kamar na kaza, ya sunkuyar da kai. "Gaya masa kafin Lahadi ta sama."

Ya kuwa cika alkawari. Aka yi gayya, bijimai biyu suka jawo ta a kan gungume har bayan gida, mata muka dafa dankali da nama, maza suka sha giyar tufa kamar su suka sassaƙa ta. Kyakkyawa ce, ja, da ɗamarar ƙarfe, ga ƙamshin sabon katako. Aka zuba bokitin farko, ya fito ta gefe ya jiƙa wa fada takalmi.

"Haka sabuwa take yi," in ji Nolberto. "Sai katakon ya sha ruwa ya kumbura. A yi ta cika ta kwana da kwanaki."

A yi ta cika ta da me? Mu da ruwan sama ke dukanmu kusan duk shekara, a bazarar nan rijiyoyi sun ƙafe, tankar ruwa ta ƙaramar hukuma muke jira kamar masu jiran biki. Sai Nolberto ya yi abin da ubansa da kakansa ke yi wa sabon kwalekwale. Ya ce a mai da ita bakin gaɓa lokacin da ruwa ya janye, a danne ta da duwatsu, teku ya cika ya rufe ta har ta ƙoshi. Duk mazan suka gyaɗa kai, don kowa ya san haka ake yi. Bijimai suka koma da ita ƙasa.

Abu ɗaya aka manta, babu wanda ya cire toshiyar gindi.

Washegari ina shanya na ji ihun Don Baldovino daga taga. Na waiga, ga tinaha can tsakiyar mashigi, bututun hayaƙinta a tsaye, tana tafiya abinta da duwatsunta kamar mai zuwa cin kasuwa. Nolberto ya hauro tudu a guje, hula a hannu.

"Kai, shashasha!" Don Baldovino ya daka masa tsawa. "Na ce ka yi mini kwalekwale, ka yi baho. Na ce ka yi baho, ka yi mini kwalekwale!"

Maganar farko ke nan da ya yi masa kai tsaye tun 'ya'yansu na ƙanana. Nolberto ya tsaya baki buɗe, Ercilia ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ba ko kuka.

Kafin a tada injin jirgi hazo ya sauko, aka neme ta aka rasa. Kwanakin da suka biyo ba na son tuna su. Nolberto ya bi kowane lungu na gaɓa yana tambayar masunta ko sun ga baho, suna ce masa ya rage shan giya. Don Baldovino kuwa ya daina fitowa taga. Ya daina cin dankali, sai romo cokali biyu. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta tafi, ta ja Ercilia gefe ta ce a kira 'ya'ya.

"Ba a gan ta ba?" yake tambayata duk sanda na shiga.

"Ana nema, maƙwabci."

"Ta fi ni wayo. Ta tafi ba ta jira likita ba."

A tsibirin da ke ƙetare aka same ta, wata tsohuwa ta ɗaure ta a turke ta fara tara ƙumba a ciki. Sai da aka yi doguwar muhawara kafin ta saki, don ta ce abin da teku ya kawo na wanda ya tsinta ne. Nolberto ya jawo ta a bayan jirginsa, bijimai suka sake hawa tudu, suna hararar kowa. Amma yawon da ta yi ya amfane ta. Katakon ya kumbura ya haɗe, ko allura ba za ta shiga ba.

Saura ruwa. Tankar ba za ta zo ba sai mako mai zuwa. Muka tsaya a bakin gadonsa muna lissafin gidan da ke da sauran ganga, sai ya buɗe ido.

"Ga ruwa can cike da duniya," ya ce, murya can ƙasa. "Ku ɗebo teku."

"Zai ci ƙarfen murhu," in ji Nolberto.

"Ya ci. Ni ma ya ci ni. Yau ina so in ga an dafa ɗan banza."

Ban taɓa ganin gayya irin ta ranar ba. Daga bakin gaɓa har bayan gida aka jeru, bokiti na bin hannu, har da fada ya naɗe hannun riga. Nolberto ya hura murhu tun hantsi, yana juya ruwan da filafili kamar mai tuƙa miya. Sai da rana ta karkata tururi ya fara tashi, bayan gidan duk ya ɗauki warin gaɓa.

'Ya'yansa maza biyu suka ɗauko shi cikin bargo, da dogon wandonsa na ulu da hular saƙa, don ya ce ba zai nuna wa Uberlinda abin da ta daɗe tana leƙe ba. Suka sauke shi a hankali. Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kai wuya. Ya runtse ido ya ƙanƙame baki, irin yadda ya saba yi duk sanda zai faɗa teku. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka, yatsunsa da suka shekara a lanƙwashe suka buɗe a kan ruwan.

Ya lashi leɓe. "Shi ne," ya ce. "Ashe kana iya kirki, mugu."

Sannan ya fara dariya. Ba ta da ƙarfi, tari na katse ta, amma dariya ce, har hawaye na bin kumatunsa. Ercilia ta durƙusa a gefe ta riƙe masa ƙeya. Ya daɗe a ciki, duk wanda ya ce ya isa sai ya ce a ƙara itace.

Da hantsin washegari ya cika, a kan gadonsa, Ercilia na gyara masa matashi. Ni na rufe masa ido. Jikinsa a sake yake, ba kamar na mutumin da na sani ba.

Da na fito bayan gida na tarar da Nolberto tsaye a gaban tinaha, idanunsa jawur, ya naɗe hannun riga zai cire toshiya. Ercilia ta fito bayana, ta tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Da sauran ɗumi."

Muka tsaya mu uku, hannunta a ciki, wani ɗan ganyen teku na zagaya shi a hankali.