Totur Ya Ƙi Dawowa

Ilona Kemppainen ba ta taɓa hawa babur ɗin ƙanƙara a gasa ba, amma duk mai zuwa tseren tsofaffin babura a garuruwan gaɓar babban tafki ya san kunnenta. Inji ya yi ƙara daga nesa, sai ta gaya maka ko mai ne ya yi masa yawa ko iska. Yayanta Reino shi ne mahayin. Ya haura sittin, gwiwoyi sun fara yi masa tsiya, amma da ya sa hular kwano sai ya koma ɗan saurayi. Babur ɗin ma tsoho ne, ƙirar shekarun saba'in, mai kafireto biyu, ga taurin kai kamar mai shi.

Ranar Asabar da hantsi suka sauke shi daga akori-kura a bakin tafkin bayan gari don gwaji, saboda washegari za a yi tsere. Sanyi ya fi na jiya tsanani, iska kuma sai sharar garin ƙanƙara take yi a kan tafkin. Suka kafa jar tuta a can nesa, inda Reino zai riƙa juyowa. Bayan tutar da ɗan tazara akwai bakin kogi, inda ruwa ke gudu baƙi ƙirin, ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu.

Reino ya yi zuwa na farko ya dawo. Ilona ta cire safar hannu, ta kwance fulogi ta ɗaga shi a rana. Bakinsa fari tas.

"Yunwar mai yake ji," in ji ta. "Iskar yau ta yi kauri. In na bar shi haka, fistan zai narke maka a tsakar hanya."

"To ciyar da shi mana, Auta. Amma kada ki cika masa ciki ya koma tafiyar agwagwa."

Ta sauya masa jet, 'yan bututun da mai ke bi cikin kafireto, ta sa masu faɗin rami, yatsunta suna mutuwa da sanyi tana hura musu iska. Ta koma kan kuloci, wanda ke kamawa tun inji bai tara ƙarfi ba, ta sa masa sifirin mai tauri. Tana ɗagowa ta ga bakunan kafireto a buɗe.

"Yaya, ina akwatin iska?"

"Yana gareji. Shaƙe shi yake yi."

"Ba ka ga garin ƙanƙarar da ke tashi ba? Zai zuƙa ya daskare a ciki."

"Gobe a tsere Duane Maki ba zai tsaya jirana ba. Dariyar da ya yi mini bara har yau tana kunnena."

"Duane da likita ya sa wa ƙugun ƙarfe ma ya wuce ka. Ba akwati ne matsalarka ba, tsufa ne."

"Ji 'yar banza! Ni na goya ki fa." Ya yi dariya, ya ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, ya finciki igiyar tayarwa.

Zuwa na biyu ya yi kyau. Kulocin ya jira har inji ya yi kururuwa sannan ya cafke bel, babur ya zabura kamar an tsikare shi. Fulogi ya fito ruwan ƙasa, yadda take so. Ta ce a tattara a tafi gida. Reino ya ce sau ɗaya tak, yana so ya ji ƙarshen gudunsa.

Ta tsaya da kofin kofi a hannu tana sauraro. Ƙarar ta hau, ta hau, ta daidaita a sama. Ya doshi tuta. A nan ne ya saba sakin totur, ƙarar ta faɗo, ya kwanto gefe ya juyo.

Ƙarar ba ta faɗo ba.

Ta ga ya wuce tutar kamar babu ita. Ta ga kafaɗarsa tana motsi, yana dukan totur da babban yatsa. Totur ɗin ya daskare a buɗe. Hayaƙi ya tashi daga wajen birki, amma wane birki ne zai riƙe injin da ke kan ganiyarsa?

"Ja igiyar!" Ta saki kofin ta sheƙa da gudu. "Yaya! Ja igiyar!"

Norbert Gervais, dattijon da ke kamun kifi a 'yar bukkarsa ta kan ƙanƙara, ya leƙo ya ga abin da ke faruwa, ya sha gabanta ya riƙe ta. "Ina za ki, yarinya? Dubi inda ya kai!"

Ta duba. Farar ƙanƙara ta ƙare. Reino ya riga ya hau toka-tokar ƙanƙarar nan marar kauri kamar faifai, tana tsagewa a bayansa. Sai ta gane. In ya kashe inji yanzu, zai sulale ya tsaya a kan wannan ɓawon ko a tsakiyar ruwa, kogin kuma ya ja shi ƙarƙashin ƙanƙara, sai bazara a neme shi. Bakin da ya gama ihun a ja igiya, shi ne ya koma raɗa: "Kada ka ja. Ya Ubangiji, kada ya ja."

Babur ya faɗa ruwa. Farin feshi ya tashi ya rufe shi gaba ɗaya, ta daina ganin komai. Sai kunne. Injin yana nan yana kururuwa. Feshin ya miƙe a kan baƙin ruwan yana tafiya, ta hango Reino a tsaye a kan matakan babur ya ja jikinsa baya, hancin babur a sama, yana tsalle-tsalle kamar dutsen da yaro ya wurga a kududdufi.

Ba a taɓa riƙe wannan inji a ƙarshen totur tsawon haka ba. Ta san kowane ƙarfe da ke cikinsa, ta san wanda ta saya sabo da wanda ta lallaɓa ta mayar. Tana jin zafin fistan ɗin kamar a ƙirjinta yake. Ƙarar ta ɗan shaƙe. Ta warware. Sannan ta yi wani irin tsini, tsinin da Ilona ta fi tsoro: ruwa ya jiƙa bel, kuloci yana santsi, inji yana ihu a banza. Gudun ya fara raguwa. Bayan babur ya fara nitsewa.

"Saura kaɗan," in ji Norbert. "Saura kaɗan, ɗan nema."

Takalman gaba da babur ke sulalawa a kansu suka daki bakin ƙanƙarar tsallake. Ta ga wani baƙin abu ya tashi sama ya faɗi cikin busassun ciyayin gaɓa. Inji ya ɗauke ɗif. Babur ya miƙe tsaye, ya koma da baya, ruwa ya rufe shi.

Baƙin abin bai motsa ba.

Norbert ne ya tuƙa akori-kurar. Sai da suka zagaya ta gada, tafiyar da ta ji kamar ba za ta ƙare ba. Tana ta tsara yadda za ta gaya wa matarsa Lempi, kalmomin suna tarwatsewa. Suka bar mota a bakin hanya suka kutsa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, tana kiran sunansa, ba amsa.

Suka same shi a kwance rigingine, rigarsa ta fara sandarewa. Ta buɗe gilashin hular. Idonsa biyu, leɓunansa sun yi shuɗi, haƙora suna haɗuwa.

"Auta," ya ce da ƙyar. "Kada ki taɓa kafaɗar nan."

Ta kifa kai a ƙirjinsa ta fashe da kuka, Norbert yana tuɓe tasa rigar yana lulluɓa masa.

Ƙashin wuyan kafaɗa ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage. Kwana uku ya yi a asibiti, Lempi ba ta ce masa uffan ba sai da aka sallame shi, sannan ta sauke masa faɗan shekara arba'in a mota. Daga baya maza suka taru da igiyar ƙarfe suka jawo babur ɗin. Da Ilona ta danna totur a gareji, sai ya shiga ya dawo lafiya lau, ƙanƙarar da ta riƙe shi ta narke, kamar bai taɓa yin komai ba. Wannan ya fi komai tayar mata da tsigar jiki.

Reino ya fara zancen hunturu mai zuwa tun hannunsa na rataye a wuya. Ta wanke injin, ta zuba masa mai don kada ya yi tsatsa, amma ba ta haɗa shi ba. In ya tambaya, sai ta ce wani ƙarfe take jira.